Shaida Mai Lamba Sittin da Huɗu

A birnin Hague suka ce in bar sunana a bakin ƙofa
yadda ake barin takalmi.
Na bar shi. Zumreta ta tsaya waje cikin yayyafi, tsakanin kekuna,
ni na shiga da lamba.
Suka murɗe mini murya cikin na'ura
har ni kaina ban shaida ta ba.

Shekara goma sha tara ina jiran kujerar nan.
Da fari aka ce shugaba ne, hannu ba ya kai gare shi.
Da ya sauka aka ce ya ɓace,
alhali mai gidan burodin unguwarsu
ya san irin wanda yake so da safe.
Sai da ƙasarmu ta nemi bashi
aka tuna hanyar gidansa.

Ga shi can bayan gilashi.
Na zo da shirin ganin dodo,
sai ga tsoho cikin kwat ruwan toka
yana ɓare alawar tari a hankali
kada takardar ta yi ƙara.

Lauyansa ya miƙe, ga ladabi kamar suruki.
"Kin gan shi a ƙauyenku ran nan?"
Ban gan shi ba.
"Kin ji ya ba da umarni?"
Ban ji ba.
"Sa hannunsa fa, a wata takarda?"
Na ce, motocin da suka kwashe mazanmu
na gwamnati ne, da man gwamnati a ciki.
Wa ke riƙe makullin rumbu in ba mai gida ba?
Alƙali ya ce in tsaya kan abin da idona ya gani.

To, ga abin da ya gani.
Rifet ya fita da cokali a hannu, bai gama shan miya ba.
Nermin, ɗan shekara sha shida,
takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan a ƙarƙashin bishiyar tuffa.
Bayan shekara tara aka dawo mini da shi,
rabi daga wani rami, rabi daga wani,
don wanda ya iya kisa ya iya sauya kabari.

Tafinta ta yi shiru kaɗan, sannan ta ci gaba.

Direban da ya ce zai faɗi wanda ya aiko su,
an tsinci motarsa a kwazazzabo.
Hafsan da ya riƙe waya daren nan
ya sami sabon gida mai bene, sai mantuwa ta kama shi.
Takardun soja sun iso, an shafe layukansu da baƙar tawada,
wai sirrin ƙasa.
Baƙin da suka sha shayi da shi a fada
duk ba su da abin cewa.
Yatsan da ya ja kunamar bindiga yana kurkuku tun tuni.
Bakin da ya ce a ja, shi ake ta nema
cikin shafi dubu ɗari.

Ƙarfe uku jininsa ya hau, aka ɗage.
Aka ɗage a bazara. Aka ɗage da dusar ƙanƙara.
A gida matasan da ba a haifa ba lokacin
suna zana fuskarsa a bangon tashar mota.

Wasiƙa ta zo ran Talata, ina tsintar tuffa.
Ya mutu cikin barci, da likita a kusa.
An rufe shari'a. Ba a yanke hukunci ba,
saboda haka, in ji doka, ba mai laifi ba ne.

Ban yi kuka ba.
Na tuna magatakarda, yarinya mai jan gashi,
da yatsunta suka bi kowace kalma tawa ba su tsallake ba,
har cokalin, har miyar.
Yana can a rubuce, ko da lamba ce a kai.

Na ninke wasiƙar huɗu,
na cusa ta cikin takalmin Nermin
don kada bakinsa ya lotsa.